Yadin Kujerar Baba

Kujerun nan biyu ba ni na saye su ba. Maƙwabciyata ce ta ba ni, wata ma'aikaciyar jinya 'yar Filato da ta daɗe tana aiki a Dutse, lokacin da 'ya'yanta suka kawo mata sababbi. Na ƙarfe ne masu naɗewa, an ɗaura wa kowacce yadin tamfol mai ratsin kore da fari daga sandar sama zuwa ta ƙasa, yadda in mutum ya zauna sai bayansa ya kwanta. Na ajiye su a barandar tsakar gida. Ba mai zama a kansu sosai sai da Baba ya zo.

Baba manomi ne a wani ƙauye bayan Kiyawa. Shekarar da ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, da aka sallame shi daga asibiti, ni na dage ya zauna wurina. Innarmu ta riga ta rasu, yayana kuma yana can ƙauye da iyalinsa da hidimar gona. Na ce a Dutse asibiti kusa yake, ga ruwan famfo, ga maƙwabciya mai duba masa hawan jini. Yayana bai yi musu ba. Shi kuwa Baba a lokacin maganarsa ba ta fita sosai, don haka ba a tsaya jin ta bakinsa ba.

A hankali ya samu sauƙi. Da sanda yana iya kai kansa bayi, ya yi alwala, ya yi sallarsa a zaune. Da safe kafin in tafi ofis sai in fito da shi baranda, in zaunar da shi a kujerar da ke kusa da ƙofar ɗakinsa, in ajiye masa rediyo da buta da kwanon fura. Yara suna makaranta, daga can su wuce Islamiyya, maigidana kuma a Kano yake aiki, sai ƙarshen mako yake zuwa. In na dawo da la'asar sakaliya sai in tarar da Baba inda na bar shi.

"Baba, ya gidan?"

"Lafiya lau, uwata. Allah ya yi miki albarka."

Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Da na ji wannan amsa sai in wuce kicin hankalina kwance.

Wata yamma a farkon damina, ina tsintar shinkafa, na ji ƙarar yagewar yadi da faɗuwar abu. Na fito da gudu na tarar da Baba ya nutse cikin ƙarfen kujerar, ƙafafunsa a sama, hularsa a ƙasa. Ni kaɗai na kasa ciro shi, sai da na ƙwala wa maƙwabciyata kira ta kan katanga. Muka ɗaga shi tare. Ta dudduba shi, ba inda ya ji ciwo sai ɗan ƙujewa a gwiwar hannu. Amma ya ƙi haɗa ido da kowa a cikinmu. "Ba komai, ba komai," kawai yake ta faɗi, yana jan rigarsa yana rufe gwiwoyinsa.

Washegari na cire yagaggen yadin na kai wa wani mai ɗinkin tamfol a gefen kasuwa, wanda ke yi wa masu adaidaita sahu rumfa. Na ce ya yanka mini sabo a kansa. Ya shimfiɗa shi a kan tebur ya girgiza kai.

"Hajiya, wannan ya miƙe. In na yanka a kansa, mai zama zai taɓa ƙasa. Ki koma ki auno ƙarfen. Faɗin a sama, da tsakiya, da ƙasa, don wani lokaci ƙarfe kan buɗe. Sai tsayi daga sanda zuwa sanda, da kaurin sandar saboda kalmasa. In kina da 'yar'uwarta mai lafiya, ki duba yadda yadinta ya sauka."

Sai ya sa tafin hannunsa a tsakiyar yadin, inda ya yi kwari, ratsin koren ya koɗe ya koma fari-fari, zaren ya sirance har ana hango tebur ta cikinsa. Ya yi dariya ya ce, "Kai, mai wannan kujera ba ya tashi."

Da wasa ya faɗa. Na biye masa na yi murmushi, amma har na iso gida maganar tana cina. Da na shiga, ɗaya kujerar na fara dubawa. Rana ɗaya aka ba ni su, yadinsu iri ɗaya, amma ita yadinta yana nan a ɗame, launinsa bai ko dusashe ba.

Ranar Asabar da hantsi na aro tef ɗin awo wurin maƙwabciyata, na fito da ƙarfen kujerar tsakar gida. Baba yana kan tabarma, ya jingina da bango. Tef ɗin ya yi ta zamewa, in na kama nan can ya suɓuce.

"Kawo bakin in riƙe miki," in ji shi.

Ya matso da jan gindi, ya danne bakin tef ɗin a jikin ƙarfen da babban yatsansa na hannun dama. Na ja zuwa ɗaya gefen, na karanta, na sa a wayata. Muka sauko tsakiya. Gaskiyar mai ɗinkin ne, tsakiyar ta fi sama faɗi da kusan inci guda, ƙarfen ya buɗe saboda nauyin zama. Baba ya leƙa lambar kamar yana karantawa, ya ce, "Madalla." Na lura fuskarsa ta saki. Rabon da wani ya sa shi wani aiki tun kafin ciwon.

Da muka zo kan tsayi, sai na jawo mai lafiyar na ajiye ta daidai inda tasa take zama, na zauna don in ga yadda yadin ke sauka. Ban taɓa zama a wurin ba. Abin da ke gabana katangar bulo ce da ba a yi wa shafe ba, da tankin ruwa, da igiyar shanya. Can sama da katangar ana hango kan wani dutse kaɗan. Ƙofar gida tana bayan kwana, ko an wuce a layi ba a gani. Na daɗe a zaune, tef ɗin a cinyata.

"An yi ruwa a gida shekaranjiya," in ji Baba.

"Yaya ne ya bugo?"

"A'a. Na ga hadarin ya yi can." Ya nuna da haɓa. Sannan ya ce, "Uwata, in an ɗinko yadin nan, a ɗaura mini kujerar a mota."

Na gane abin da yake nufi, amma na ce, "Zuwa ina, Baba?"

"Gida."

Na fara jero masa asibiti da magani da gwajin jini, da yadda hanyar ƙauyen ke lalacewa da damina. Ya bar ni sai da na gama.

"Ban raina hidimarki ba, Allah ya sani. Ci da sha ban taɓa samun irin na gidan nan ba. Amma tun safe har yamma ba mai yi mini sallama. Ƙadangarun katangar nan na san su ɗaya bayan ɗaya. An yi rasuwa biyu a garinmu, a bakin yayanki na ji, ban je gaisuwa ba."

"Me ya sa ba ka faɗa mini ba tun tuni?"

"Kina dawowa a gajiye."

Na sunkuya na ci gaba da awon, amma idona ya cika, lambobin suka haɗe. Sai da muka sake auna tsayin daga farko, yana riƙe da bakin tef ɗin a sandar sama.

Da na mayar wa maƙwabciyata tef ɗinta na ba ta labari, ina sa ran za ta goyi bayana a matsayinta na ma'aikaciyar jinya. Ta ce, "Maman yara, ƙwayar nan a ƙauye ma ana iya haɗiya. Ni ma na taɓa ɗauko mamana daga garinmu na Filato na kawo ta nan. Kullum da jakarta a ɗaure take kwana." Ta ce in koya wa matar yayana lokutan maganin, ita kuma za ta nuna mini yadda ake gwajin hawan jini da na'ura in riƙa yi masa in na je.

Mai ɗinkin ya yanko shuɗin yadi mai kauri, ya ninka kalmasar. Yadin ya zauna daram a jikin ƙarfen. Maigidana ya ɗaure kujerar a bayan mota muka kai Baba gida. Tun kafin mu tsaya mutane suka fara fitowa. Aka kafa masa ita a gindin darbejiyar ƙofar gida, har muka juyo bai samu sukunin yi mini sallama sosai ba, saboda masu gaisuwa.

Hankalina bai kwanta ba duk da haka. In na buga waya aka ce an manta maganin safe, sai in wuni ina ganin ni na jawo. Cikin kaka na je na tarar da hannunsa na dama a ɗaure da tsumma da karan ɗori. Ashe ya lallaɓa da sandarsa zuwa bakin gona ya ga gyaɗar da ake cira, santsi ya kwashe shi. Kwana da kwanaki da faruwar abin, ya hana yayana ya gaya mini.

Na tsaya a kansa ina hawaye. Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Uwata, kar ki ce komai."

Matar yayana ta miƙo mini tabarma da faifan gyaɗa, na zauna kusa da ƙafafunsa ina ɓare masa, ina zuba masa a hannun hagun da ya fara iya riƙe abu, yana ba ni labarin wanda gonarsa ta yi kyau bana da wanda ya makara da shuka.