Sunan da na tsallake

Malam Badamasi ya shekara talatin da ɗaya yana koyar da lissafi a wata sakandare a Batsari, amma ainihin makarantarsa zauren gidansa ne. Duk Asabar da hantsi muke cika shi maƙil, har da 'yan Safana da Babban Duhu da ke zuwa goyo a kan babur. Ba ya ba da amsa. In ka kawo tambaya sai ya leƙo ka ta saman tabarau, ya tura ka wurin wanda ya girme ka da aji ɗaya. Mun sha yi masa ƙunƙuni.

Doka ɗaya gare shi. Duk lissafin da ka warware, sai ka rubuta sunan wanda ya nuna maka hanya a ƙasan allo, ko da ƙanenka ne. A gida ya gaji wannan, don mahaifinsa ba ya buɗe littafi sai ya ambaci wanda ya karantar da shi. Ranar da na ɗauki dabarar abokina Sagiru na yi gum, bai taɓa ni ba. Sa ni ya yi na goge allon tas na sake.

Ni ne ɗan gaban goshinsa. A zauren nan ya jefo mini tambayar da na yi ta bi har ta zama digirina na uku. A shafin godiya na kundin digirin, na jera farfesoshi bakwai, har da wanda sau biyu kacal muka taɓa gaisawa. Da na zo kan Malam sai na tsaya. Mutumin da ba shi da digiri, me zan sa a gaban sunansa? Na tsallake. Ba mantuwa ba ce, kuma wannan ne ke cina har yau.

Bara na kai masa kundin. Idanunsa sun riga sun tafi, 'yarsa Ni'ima ce ke riƙe da zauren yanzu. Bayan mun gaisa ya jinjina littafin, ya ce ya isa a danne kwanon rufi da shi. Muka yi dariya. Sai ya miƙo mini.

"Muntasir, karanta mini sunayen ƙasan allonka."

Na buɗe shafin, na fara da sunansa kamar yana rubuce a ciki, na ƙara da cewa shi ya nuna mini hanya, sannan na karanta sauran. Ya daɗe yana shafa gemu, hawaye na bin kumatunsa.

"Ni'ima," ya ce, "ranar Asabar ki nuna wa yaran. Su gani da idonsu, su san dokar nan ba ta tsaya a zaure ba."

Ta karɓa, ta bi shafin da yatsa har ƙasa, ta sake komawa sama. Sannan ta ɗago ta dube ni.

"To, Baba," ta ce, ta rufe kundin.