Zanen Inna Bai Gama Bushewa Ba

Har gobe ban manta da wata Lahadi ta bikin tashin Yesu daga matattu ba, lokacin ina ungozoma a wata matanite, wato gidan haihuwa, nan Gaya. Ku 'yan sitaj, masu koyon aiki, kuna yawan tambayata me ya sa kowace sallah ni ce a bakin aiki, kuma fuskata ba walwala. To, ku ji dalili.

A aikinmu akwai abin da ake kira gardi: mace ɗaya ta tsare ɗakin haihuwa daga safe har wata safiyar, ba ta fita ko bakin titi sai mai karɓarta ta iso. Ni kaɗai ce Kirista a cikinmu, sai muka yi wata al'ada ta baki da baki. Ni nake ɗaukar gardin ƙaramar sallah da na layya, su kuma su riƙe mini Noyel, bikin haihuwar Yesu, da Lahadin tashinsa. Shekara da shekaru ina cin sallah a kan benci, ban taɓa ƙorafi ba.

A wannan shekarar Inna, mahaifiyata, za a yi wa baftisma. Tsohuwa ce daga wani ƙauye kusa da Karakara, ta tsufa a kan addinin gargajiya. Tun ina budurwa nake yi mata addu'a, har na fara gajiya, sai rana ɗaya ta ce da bakinta tana son bin Yesu. Majami'armu kuwa sau ɗaya a shekara take baftisma, a babban kogin da ke gefen gari, wanda muke kira Isa, da safiyar wannan Lahadin. Gardin ya faɗo kaina, amma ban damu ba, don Fati, wadda na riƙe wa layyar bara, ta ce mini: "Yaya Hannatu, kwantar da hankalinki, da sassahe ina nan."

Na zo da anko ɗina a leda, da nufin ina miƙa mata aiki in hau kabu-kabu. Hantsi ya yi, babu Fati. Na kira har na gaji kafin ta ɗauka, hayaniyar kasuwa na tashi a bayanta. Lokacin gadar kan iyaka da ake bi zuwa Malanbil a buɗe take.

"Wallahi na mance, Yaya. Na tsallaka Malanbil sayen kayan biki. Ki yi haƙuri, ai wata Lahadin na nan tahe."

Na kira majo, shugaban likitar, sabo ne da aka turo mana. Ya saurare ni, sannan ya ce: "Madam, ni ban san wata musanya ba. Gardinki ne. Kuma ai kun ce Allahnku yana ko'ina, ki yi addu'arki nan."

Ina ajiye waya aka shigo da wata mata daga Bengou a amalanke, naƙuda tun jiya, jaririn ya zo da ƙafa. Na dubi ledar ankon, na dubi matar. Na sa safar hannu. Ba zan ce muku na yi aikin da farin ciki ba. Hannuna na juya jariri, zuciyata na faɗa da Allah. Na ce masa: rana ɗaya tak na roƙa, ita ma ka hana ni? Yaron ya fito da rai, uwar ta tsira. Danginta suka yi ta godiya ga Allah, ni ko kallona ba su yi ba.

Wajen azahar, ga zafin bazara kamar bakin murhu, sai na ga Inna a ƙofa, dogare da sanda. Ta ƙi sauya zanen da ta shiga ruwa da shi, ta ƙi tsayawa cin abinci a majami'a, ta sa aka kawo ta kai tsaye.

"Taɓa nan, ɗiyata, tun bai bushe ba."

Rana ta riga ta shanye shi, sai bakin ɗaurin ƙugu kaɗai ke da sanyi. Na riƙe wurin na fashe da kuka, ina zagin Fati. Inna ta bar ni na gama, ta ce: "Wanda na shiga ruwa dominsa, shi ya tsaida ke a nan. In kin yarda da shi a bakin kogi, ki yarda da shi a ɗakin ga."

Damina na faɗuwa Inna ta rasu. Hoton baftismar da ke wayata wani ya ɗauka, daga nesa, fuskarta ba ta fito ba.

Da layya ta matso, Fati ta zo tana murmushi kamar ba a yi komai ba, wai in riƙe mata gardi. Na yi kwanaki ina shirya amsar da zan watsa mata. Da na buɗe baki, sai na ji na ce to. Ba don ita ba, kuma kada ku ɗauka ciwon ya warke. Har yau ba ta ce ta yi kuskure ba.

Abin da aikin nan ya koya mini ke nan: alkawarin abokin aiki yana iya narkewa a kasuwa, mai naƙuda kuma ba ta san ranar idin kowa ba. Dogara ga Allah, yadda na same shi, ba daɗi ba ne. Tsayawa ne inda ya ajiye ka, ko ranka na ƙuna. Duk sallah in na sa safar hannu, sanyin bakin zanen nan nake ji a tafina.