Kaset ɗin Baba a Kasuwar Illela

Ana idar da sallar asuba muka kama hanyar Illela, ni da wani abokin aikina da ya ce ya san kan kayan lantarki. A aljihun babbar rigata akwai kaset ɗin bidiyo guda, hannuna a kansa tun daga tashar Sakkwato. Shi kaɗai ya rage mana mai motsin Baba da muryarsa. Wani ɗan'uwanmu na Konni ta Nijar ne ya zo da mai ɗaukar bidiyo ranar walimar dawowar Baba daga Makka, shekarar da ya rasu. Inna ba ta bari Juma'a ta wuce ba a sa mata shi ba, har zaren ya gaji, hoton ya fara rawa yana layi-layi. Niyyata in sayo injin bidiyo na biyu da waya da sabon kaset, in kwafe shi kafin injin gida ya tauna shi wata rana.

Direbanmu mutum ne mai zumunci, abin da ban nema ba ranar. A Kware ya tsaya gaida surukinsa, a Gwadabawa ya tsaya aka ɗora buhunan albasa har motar ta durƙusa. Abokina ya sayi fura da nono ya sha ya yi gyatsa. Da rana ta ɗaga ta bugo gefena, sai na tuna an ce zafi na narka kaset, na roƙi wani dattijo muka yi musayar wuri. Ya dube ni ya dubi aljihuna, na tabbata ya ɗauka zinariya na ɗauko.

Lahadi ce, Illela ta cika ta batse. Raƙuma da shanu sun tare hanya, Buzaye na talla da cuku, masu canji sun baje naira da sefa a tabarma kamar masu sayar da goro. Komai farashinsa biyu, kuma kafin ka gama juya ɗaya zuwa ɗaya a kanka an riga an ƙara. Ban tsaya taya komai ba, na ja abokina muka kutsa layin masu rediyo.

A shagon wani Alhaji mai fara'a abokina ya hango sabon bidiyo a kwalinsa, mai rimot, ya ce magana ta ƙare. Ni ma raina ya biya. Alhaji ya tambayi abin da za mu yi da shi, na fito da kaset na yi masa bayani.

"Wa yaɗ ɗauka?" ya tambaye ni.

"Wani mutumin Konni."

"To kawo mu gani, kahin ka kwashi abin da ba ya yi maka."

Na ƙi miƙawa. Sai da ya gwada injinsa da wani kaset, ya shiga lafiya ya fito lafiya, sannan na saki nawa. Ya zura shi a wani tsohon bidiyo mai ƙwarzane a murfi. Hoto ya yi rawa, ya tsaya, sai ga Baba cikin riga tsanwa shar, gemunsa ja da lalle, yana dariya. Tun da aka kawo mana kaset ɗin baƙi da fari muke kallonsa, mun ɗauka haka kyamarar mutumin take. Na zauna a kan kwali na yi kuka a gaban mutane.

Da na natsu Alhaji ya warware mana. Tsarin bidiyon Nijar daban yake da namu, nasu Sekam, namu Fal, kuma injinmu ba ya iya fito da kalar nasu. Sabon da abokina ke rungume da shi irin na gidanmu ne. Da na kwafa da shi, da kalar ta tafi ke nan har abada. Abin da ke gabana shi ne inji mai cin tsarin biyu, da talabijin da ta yarda da shi. Guzurina ba zai kai ga sabo ba. Na ɗauki tsohon mai ƙwarzanen nan, da ƙaramar talabijin, da sitabilaiza saboda halin wutarmu. Abokina ya turɓune fuska, wai mun zo bakin iyaka mun sayi kwance.

Kwafin ma a nan aka yi, da injinan Alhaji biyu. Ba a yi masa gaggawa, sai kaset ya tafi da tsawonsa. Aka kawo shayi da dogon burodin Konni, na gutsura na ajiye. In janareto ya canza murya in zabura, in fita ƙofa, in dawo in leƙa. Sai da injin ya tofo kaset biyu lafiya na ji yunwa.

Mun dawo da talabijin a cinyata, ƙafa ta yi tsami, ban damu ba. Abin da na koyo shi ne, kafin ka zaɓi inji ka fara tambayar inda kayanka ya fito, kuma kwali mai ƙyalli bai san buƙatarka ba.

Bayan la'asar na haɗa wa Inna. Ranar walimar tana cikin gida da mata, ba ta ga fitarsa ba. Ta matso har gwiwarta na taɓa teburin talabijin, ta ƙura wa hoton ido.

"Ashe tsanwar yas sa," ta ce a hankali. "Ni ko shuɗiyar na aje mashi bisa gado."

Ta yi 'yar dariya, ta share fuska da gefen mayafi, ta ce in maido shi farko.