Tafasar Farkon Damina a Tukunya Mai Fito

Babanmu bai taɓa cin abinci ya yi shiru ba. In gishiri bai yi yawa ba, to daddawa ta yi kaɗan. In tuwo bai yi tauri ba, to an bar masa gudaji. Zai cinye tas ya suɗe hannu, sannan ya soma kawo ƙara. Inna ta daɗe da daina ba shi amsa, sai dai ta ɗaga kwanon ta nuna mana yadda ya share shi, mu yi ta dariya a ɓoye.

A ƙarshen shekarun casa'in ne, lokacin wahalar kananzir. Gidanmu yana Tudun Wada a Gusau, ni kuwa ina aure a Bungudu, ina koyarwa a firamare. Ciwon ciki ya kama Baba tun cikin bazara. Aka kai shi asibiti aka dawo da shi da ƙullin magani, sai na tattaro na zo taya Inna jinya. Cin abinci ya gagare shi. Kunu ma sai ya kurɓa kaɗan, ya ce ya yi tsami, ya ture kofin. Inna takan ce da ni in kwantar da hankalina, muddin yana kushe girkinta to yana nan da ƙarfinsa.

Da ruwan farko ya sauka, ƙasa ta soma kore, sai ya ce kwaɗon tafasa yake marmari, sabon toho, na gonarsu ta Kucheri inda aka haife shi. Abu na farko ke nan da ya nema da bakinsa tun kwanciyarsa. Aka aika, ƙaninsa ya tsinko cikin ƙaramin buhu ya hau motar Tsafe ya kawo mana.

Ranar kuwa tun safe ake sheƙa ruwa. Itacenmu ya jiƙe sharkaf, kananzir ɗin da ya rage a risho ko shayi da ƙyar zai dafa. Ita tafasa ba ta son gaggawa. A buɗe ake dafa ta, ta daɗe tana tafarfasa, a tsiyaye ruwan farko a zuba wani, sannan a matse ta sosai, da haka ɗacinta ke fita. Baba yana ɗaki yana tambaya ko an gama, mu kuma mun san halin marmarin mara lafiya, in aka bar shi ya wuce ba ya dawowa.

Akwai wata tukunya a gidan, mai murfi mai kulle. Maƙwabciyarmu ce ta bar wa Inna ita, wata ma'aikaciyar jinya Kirista 'yar Filato, da aka yi mata canjin wurin aiki. Ta nuna mata yadda take turara ganye a ciki: ruwa kaɗan a ƙasa, faranti mai huda-huda a sama, a kulle, da ta yi fito an gama. Inna ta yi godiya har da rakiya, ta dawo ta ɗora ta kan kabad cikin kwanukan jere. Ta ce tukunyar da ke fito kamar ɗan kiwo ba za ta dafa wa mijinta abinci ba. Amma ranar da aka kawo tafasar, ita da hannunta ta sauko da ita, don ba ta cin kananzir da yawa.

Da ta soma fito, Inna ta ja da baya har bakin ƙofa tana salati, ni kuwa na yi dariyar da na daɗe ban yi ba. Ganyen ya fito laushi luɓus, kore shar, gwanin sha'awa. Babu wadda ta yi tunanin inda ɗacin zai bi ya fita a tukunyar da aka kulle. Inna ta daka ƙuli-ƙuli, ta zuba albasa da yaji da man gyaɗa, ta kwaɗa. Ba ta ɗanɗana ba, don tana azumin nafila tana roƙa masa lafiya, ni kuma ina ɗaki na tallafe shi ya zauna.

Ya ci. Loma bayan loma, har ya kusa rabin kwano. Muna jira ya soma kushewa, sai ya dubi Inna ya ce, "Yau dai kin samo shi. Hakanga tsohuwa ka yi muna shi Kucheri. Allah shi yi miki albarka."

Inna ta rufe fuska da gefen mayafi kamar yarinya. Yinin nan murna muka yi, har ta aika da sadaka ƙofar masallaci, tana ta shi wa 'yar Filaton nan albarka.

Da aka kira magariba ta sha ruwa, ta jawo ragowar kwaɗon don buɗa-baki. Loma ɗaya ta kai, sai na ga ta tsaya. Ta miƙo mini kwanon. Na ɗanɗana, ɗaci kamar an jiƙa maɗaci, har maƙogwaro. Na ce wataƙila kara ya yi mata, don ya ga wahalar da ta sha. Ta girgiza kai.

"Malam bai iya kara ba kan abinci," in ji ta. "Harshen nai ne ya tahi."

Ta zauna nan kan tabarma tana kuka a hankali don kada ya ji. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan magariba ba. Bai sake kushe komai ba daga ranar, duk abin da aka kai masa sai ya ce ya yi daɗi. Ya rasu kafin gero ya fid da kai.

Inna ta wanke tukunyar ta mayar kan kabad. Duk farkon damina takan sa a kawo tafasa daga Kucheri, ta dafa a buɗe yadda ya kamata, ta tara mu mu ci. Sai ta tsaya a kanmu tana tambaya ko gishiri ya yi yawa. Mukan ce ya yi daidai, ta ce mu dai faɗi gaskiya, ta ci gaba da tsayuwa tana jira.