Daƙiƙa Ashirin da Takwas: Ga Che Twaibu Chilambe

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, tara ga watan Yuli, bayan sallar La'asar, ka faɗi a ƙofar shagonka na gyaran kwamfuta a nan garinmu Mangochi, Che Twaibu. Kafin a kai ka asibiti rai ya yi halinsa.

Ina rubuta wannan ne cikin fushi, kuma ba zan ɓoye ba. Ka san halina.

Shekara goma sha ɗaya ni nake buɗe ƙaramin gidan rediyonmu da ƙarfe shida na safe. Bara kwamfutar ɗakin watsa shirye-shirye ta ɗauko wata tsiya. Yau in na kunna ta, sai ta tashi kafin in zauna. Gobe ta shafe minti goma sha biyu tana nuna mini baƙin allo, masunta a bakin tafki suna jiran labarin iska, rediyo shiru. Manajanmu, wanda bai taɓa ganin fitowar rana daga ofis ba, ya yanke hukunci cewa makara nake yi. Ya ba ni takardar gargaɗi ta ƙarshe: in aka sake yin latti sau ɗaya a watan gobe, in tattara kayana. Masu gyara biyu sun zo da tsakar rana, ta tashi musu sumul, suka ce lafiyarta ƙalau.

Kai ne ka ƙi yarda. Ka ce mini, "Abiti Jafali, abin da ke zuwa yana tafiya ba ya tafiya ko'ina. Ɓuya yake yi."

Mako biyu kana zuwa a kan kekenka kafin shida, da littafin makaranta da agogon hannu, kana rubuta tsawon lokacin da ta ɗauka kowace safiya. Abu ɗaya kake taɓawa a rana, ba ka haɗa biyu. Ka sabunta manhajar da ke haɗa ta da na'urar sauti, ba ta sake zani ba. Ka zare ƙwaƙwalwarta ka goge ka mayar, haka nan. Na ce, "Malam, sai an kore ni za ka gama lissafin?" Ka kurɓi shayina ba tare da izini ba, ka ce, "Ke dai yi ta zagi, yana taimaka mini wajen tunani."

A rana ta goma sha uku ka nuna mini littafin. Talata, Alhamis, Asabar: nan ne jinkirin yake. Ka durƙusa bayan tebur ka zaro wani tsohon faifan ajiyar waƙoƙi da ya fara lalacewa. Duk safiyar da ya kwana a jone, kwamfutar sai ta tsaya jiran ya amsa. Na manaja ne. Litinin, Laraba da Juma'a yake shirin yamma, ya tafi ya bar shi a jone. Na so in kai masa faifan har gida in karanta masa takardar gargaɗinsa da babbar murya. Ka hana ni. Shekaranjiya manajan ya tsaya a makabarta yana cewa kai ɗan'uwansa ne, shi da bai taɓa riƙe sunanka ba.

Amma ba da shi nake fushi ba, da kai ne. A wajen zaman makoki matarka, Abiti Mdala, ta faɗa mini wata biyar kana fama da ciwon ƙirji. Ya zo ya tafi. Duk lokacin da ta ce ku je a duba, sai ka ce, "Ai yau lafiya na tashi." Kai, Che Twaibu! Kai da ba ka karɓi wannan amsa daga bakin inji ba.

Safiyar Alhamis ni aka miƙa wa sanarwar rasuwarka in karanta. Na danna maɓallin ina roƙon ta yi tsiyarta ta da, ta ba ni minti goma sha biyun nan in haɗiye kuka. Ta tashi cikin daƙiƙa ashirin da takwas. Ƙarfe shida daidai na faɗi sunanka.

Allah Ya gafarta maka, Ya yalwata kabarinka, Ya sa haƙurin da ka yi da mu ya zama haske a gare ka. Abiti Mdala, da 'ya'yanku Shakira da Yusufu, Allah Ya ba ku juriyar wannan rashi. Amin.