Diyyar da ta wanke Rukayya

Bana shekara bakwai ke nan da muka binne Habibu a Kuala Lumpur, nesa da mahaifiyarsa. Abokina ne, tare gwamnati ta turo mu karatun digiri na uku, gidajenmu bene ɗaya a unguwar Setapak. Har yau in na wuce shagon mamak, wato gidan abincin Indiyawa Musulmi da muke shan shayi bayan la'asar, sai in ji kamar zan tarar da shi yana gardama da mai shago a kan sukari.

Umara ya yi niyya, sai ya je wani ƙaramin asibiti aka yi masa allurar rigakafin mura, kamar yadda maniyyata da yawa suke yi a nan. Ba a jima ba tafin ƙafarsa ya fara dindiris. Mu kuwa Hausawa, kun san mu, komai sanyi ne. Muka ce na'urar sanyaya ɗakin bincikensa ce, aka shiga shafa man zafi da shan citta. Da ya koma asibitin, magani suka ba shi na ciwon jiki suka sallame shi. Kafin a gane cewa jijiyoyinsa ne suke mutuwa daga ƙasa zuwa sama, Habibu ya daina tsayuwa. Likitocin babban asibiti suka ce cuta ce da takan biyo bayan allurar, amma da ƙyar ake samun wanda ta faɗa wa.

A gida Najeriya kuwa wani labarin aka ƙulla. Mutum lafiyayye ya shanye a ƙasar waje, daga shi sai matarsa? Aka ce Rukayya ce ta yi masa sammu don kada ya dawo da ita ƙauye. Hajiya, mahaifiyarsa, ta daina ɗaga wayarta. Wallahi na ga baiwar Allah nan tana ɗaga ƙato daga gado zuwa keken guragu, tana wanke shi, tana kai yara makaranta, sannan a kira ta mayya. Abin yana ci mini rai har gobe.

Shi ya sa Habibu ya ɗauki lauya, ya kai ƙarar ƙaramin asibitin. Manyanmu na nan suka yi masa caa, wai musulmi ba ya ja da ƙaddara, wai kwaɗayi ne. Wani dattijo ya zo dubiya ya yi ta wa'azi, Habibu ya bari ya gama, sannan ya ce, "Malam, na yarda da ƙaddara. Ƙaryar da aka ɗora wa matata ce ban yarda da ita ba." Ni nake tura kekensa zuwa ofishin lauyan. Ƙararsa ba ta ce allurar guba ce ba. Cewa ya yi ba a gargaɗe shi ba, kuma da ya koma da alamun ba a saurare shi ba.

Bai ga ƙarshenta ba. Ciwon ƙirji ya kama shi a jikin da ya riga ya raunana, Allah ya karɓi abinsa. Bayan nan ƙaramin asibitin ya nemi sulhu a wajen kotu: za su biya, amma ba su amsa laifi ba. Rukayya ta ƙi da farko. Ta ce mini, "Yaya Isa, me zan yi da kuɗin da ba su faɗi gaskiya ba?" Lauyan ya ce shari'ar za ta iya jan shekaru, kuma izinin zamanta ya kusa ƙarewa. Ta karɓa tana kuka, tana ganin ta ci amanar mijinta.

Abin da lauya bai sani ba, mu ma ba mu hango ba, shi ne yadda labarin zai sauka a ƙauye. A wurinmu babu mai biyan diyya haka kawai. Da aka kai wa Hajiya kasonta na gado, ta tambayi limamin garin daga ina, ya ce diyyar ɗanta ce daga asibiti. Nan tsohuwa ta gane laifin ba na Rukayya ba ne.

Nakan tambayi kaina me Habibu zai ce yau, da ake yawo da irin labarinsa a waya don tsorata mutane da rigakafi. Na san ransa zai ɓaci, domin yana kan keken nan ya sa aka kai 'ya'yansa aka yi musu nasu. Digirin bai ƙarasa ba, Umarar ma bai je ba. Abin da ya bari shi ne sunan matarsa a wanke. Rukayya ta gaya mini ranar da wayarta ta yi ƙara ta ga lambar Hajiya, sai da ta zauna kafin ta ɗauka. Tsohuwar ba ta iya gaisuwa ba, sai cewa ta yi, "'Yata, na zalunce ki. Ki kawo mini jikokina in gan su."

Allah ya jiƙan Habibu, ya sa jinyar da ya sha ta zama kaffara.