Kajin Kirsimetin da na yanka da hannuna

Shekarun baya, lokacin da aiki ya ɗauko ni daga Filato ya kawo ni Dutse, na kama ɗaki a unguwar Takur. Duk wanda ya san ni ya san ni da kunya, irin wadda ta wuce tarbiyya ta koma ciwo. In na hango mutane zaune a ƙofar gida, sai in zagaya ta bayan layi. A coci kujerata tana bayan ginshiƙi, kuma da zarar mai jagorar sujada ya fara waige-waigen wanda zai rufe da addu'a, sai igiyar takalmina ta buƙaci gyara.

Mutum ɗaya na saba da ita a unguwar, wata dattijuwa maƙwabciyata da kowa ke kira Inna. Daga wani ƙauye na wajen Miga ɗanta ya ɗauko ta, shi kuma direba ne a hanyar Ringim. Ita ta fara nemana. Yau ta aiko da fura, da Sallah ta aiko da nama. In na shiga gaishe ta ba ta matsa mini da surutu, sai ta turo mini faifan wake mu yi ta tsinta. Wata rana na kai mata gwaten acca irin namu, surukarta ta tambaya me da me aka sa a ciki. Inna ta ce, "Abincin 'yar nan ba na tambaya. In ta kawo, a ci kawai."

Da Kirsimeti ya matso, fastonmu ya ce kowa ya nemi ko mutum ɗaya ne ya gaya masa bishara. Ina ƙaunar Yesu, wannan babu shakka, amma ni da ba na iya taya tumatir a kasuwa, ta ina zan fara? Sai na yi wa kaina dabara: zan dafa shinkafa da miyar kaji in kai wa Inna, abinci ya yi magana a madadina.

Duk Kiristan da ya zauna a nan ya san ƙa'ida. In za ka kai wa maƙwabta Musulmi nama, Musulmi kake ba wa ya yanka, don su ci hankali kwance. Ana gobe Kirsimeti na riƙo kajina na nufi ƙofar gidan su Inna, na tarar da ɗanta a majalisa cikin maza, ana ta hira. Na wuce su kamar mai zuwa wani wuri. Na dawo na sake wucewa, kaji na ta kuka suna tona mini asiri. Ƙarshe dai na koma ɗaki na yanka su da kaina, yadda mahaifiyata ke yi a gida, na ce wa zuciyata ai ba wani abu ba ne.

Da sassafe na gama girki, shinkafa a kwano ɗaya, miya a ɗaya. Na miƙa wa surukar Inna daga bakin zaure. Ta yi godiya, ta ce za a ajiye sai baƙinsu na Miga sun iso da rana. Na tafi coci ina jin daɗi, wai na sauke nauyi.

Muna tsakiyar waƙa maganar Inna ta faɗo mini: abincin 'yar nan ba na tambaya. Sai na daina waƙar. Tsohuwar nan za ta sa hannu ta ci, ta ba baƙinta su ci, saboda ta yarda da ni. Ni kuma ina nan ina rera waƙar haihuwar Mai Gaskiya. Ni da nake jin kunyar tari a coci, na miƙe a gaban kowa na ratsa layi na fita, na tare ɗan acaɓa.

Na yi fatan in sami Inna ita kaɗai. Ina shiga na ga tsakar gida cike da mata a kan tabarmi, kwanukana a tsakiya a buɗe, ana zagayawa da ruwan wanke hannu. Duk idanu suka dawo kaina. Na durƙusa.

"Inna, don Allah kada ku ci miyar nan. Ni na yanka kajin. Kunya ce ta hana ni ba wa ɗanki ya yanka."

Wata baƙuwa mai yawan shekaru ta dube ni ta ce, "Yarinya, saboda wannan kika baro wajen ibadarku? Da kin yi shiru, wa zai sani?"

Kawai na ji bakina na cewa, "Yesu da nake bi zai sani, Baba. Ba zan iya yi masa waƙa ina cin amanar Inna ba."

Inna ta sa surukarta ta rufe miyar, ta ce a kawo man gyaɗa da yaji, shinkafa dai ba yanka ta aka yi ba. Aka yi dariya, ni kuma na fara neman hanyar fita. Sai ta dafa tabarma kusa da ita.

"Zauna nan, 'yata. Mu ma mun san Annabi Isa ɗan Maryama, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Amma tunda shi ya hana ki shiru, gaya mini yadda ku kuke ba da labarinsa."

Na fara magana, idona a kan tabarma. Na gaya musu babu masauki a garin, aka haife shi inda dabbobi ke kwana. Na ce makiyaya aka fara yi wa albishir, suna daji da tumakinsu. Baƙuwar nan ta katse ni: "Masu kiwo kamar mu? Ba sarakuna ba?" Na ce masu kiwo. Ta girgiza kai ta ce, "Ikon Allah." Na faɗi abin da ya sa muke kiransa Mai Ceto, da yadda nake kai masa kukana in kaɗaici ya ishe ni a garin nan. Inna ma ta ba ni nasu, na Maryama a gindin dabino. Inda muka bambanta ta faɗa ba ɓoye-ɓoye, ni ma na faɗa, ba wadda ta ɓata rai. Sai da aka kira la'asar na lura cewa tun ɗazu ni ce ke ta magana.

Miyar kuwa na kwaso abata, 'yan zumuntar mata na cocinmu suka cinye suna yi mini tsiya.

Inna ba ta bar addininta ba, a kansa ta koma ga Mahaliccinta bayan wasu shekaru, ni ma ina kan nawa. Kunyata ma tana nan, bayan ginshiƙi nake zama har gobe. Abin da ke ba ni mamaki shi ne, na yi shekaru ina roƙon Allah ya cire mini kunyar nan don in iya yi masa shaida, sai ga shi ita ɗin ya bi ta kanta. Ita ta sa na yanka kajin, kajin suka durƙusar da ni a gaban taron da ko a mafarki ba zan tunkara ba, aka kuma ce mini zauna ki faɗa.

Da shekara ta zagayo bayan wannan zaman namu, ana gobe Kirsimeti, na ji sallama a ƙofata. Na leƙa na ga ɗan Inna tsaye da wuƙa a hannu.

"Malama, Inna ta ce in zo in yanka kajin, kada ki wahalar da su da yawo. Ta ce kuma gobe in kin kawo miyar, ki taho da sauran labarin."